Tulun Irin Yaya Tuhami

Yayana Tuhami bai iya komai ba a duniya sai sha'anin bishiyar sunubar. Ba zagi ba ne, ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na sha faɗa masa a gaban idonsa. Ka ba shi akuya ya kai kasuwar Maktar, sai ya dawo maka da igiya da dogon labari. Ka ce ya gyara rufin ɗaki, ruwa zai sauko ya same shi yana yawon aron tsani. Amma ka rufe masa ido ka miƙa masa reshe, zai murza ganyen a yatsa, ya kai hanci, ya gaya maka ta wane gefen dutse aka karyo shi.

Mu mutanen Ain Shahba ba mu da gonar kirki. Ɗan alkama a gindin dutse, 'yan awaki, sai bishiyar sunubar da ta rufe dutsen tun daga bayan gidajenmu har ƙololuwa, kore shar rani da sanyi, ko da ƙanƙara ta danne ta. A cikin kwansonta ake samun zugugu, 'yar baƙar ƙwayar nan da ba ta kai ta alkama ba, wadda ake asida da ita, wato tuwon zaƙin da muke yi da Maulidi. Da zugugu muke ci, da shi muke sutura, da shi aka aurar da ni.

Babanmu Balkasim ne ya koya wa Yaya, ni kuma ina biye da su da kwando ina tsintar abin da ya faɗo. Yakan tsinko ganye ya ɗora a tafin hannun Yaya ya ce, "Duba gindinsa. Allura biyu a kube ɗaya. In ka ga uku, baƙuwa ce, wani ne ya kawo ta. Duba kwanson kuma. Namu ba ya ɗaga kai, ƙasa yake kallo." Ya nuna masa kwanso iri uku. Kore ɗanye ne, a bar shi. Ja mai ƙyalli ya nuna, shi ake cira. Sai kuma mai ruwan toka, tsoho, wanda ya shekara da shekaru can sama, ƙaro ya liƙe bakinsa gam.

"Wannan fa, Baba?" in ji Yaya.

"Wannan ba naka ba ne, kason wuta ne. Ko yunwa za ta kashe ka, kada ka taɓa."

Haka duk tsofaffin garinmu suke yi. Ba wanda ya kafa doka, ba mai gadi a gindin bishiya, amma ba ka ganin mutum ya sauko da kwanso mai toka a buhunsa, don za a yi da shi a bakin rijiya.

Ban kai aure ba wuta ta ci dutsen a tsakiyar rani. Mata suna kururuwa, Inna ta ɗora hannu a ka, Baba ko gezau. Da ruwan farkon sanyi ya sauka aka kwana biyu, sai ya ce mu biyo shi. Muka hau cikin jiƙaƙƙiyar toka, baƙaƙen kututture ko ta ina. Ya durƙusa ya ce mu duba. Sai ga wasu 'yan tsiro, kowanne kamar buɗaɗɗen hannun jariri, wasu ma ɓawon ƙwayar na bisa kansu bai faɗi ba. Ba wurin sa ƙafa. Ashe zafin wutar ne ya narkar da ƙaron tsofaffin kwanson nan, suka buɗe baki suka zubar da iri a toka. Yaya ya zauna daɓas yana dariya har da hawaye. Ina ganin tun ranar nan muka rasa shi, dutse ya samu.

Sana'ar ba daɗi ne da ita ba, kada wani ya ruɗe ka. A tsakiyar sanyi ake hawa, reshe na santsi, yatsu sun ƙandare. A loda wa jaki a sauko, a jibge a ramin gashi, a hura wuta sai kwanson ya buɗe, a buge, a sheƙe. Hannunmu baƙi ƙirin da ƙaro, sabulu har ya gaji ya bar mu. Zugugun da ya bi ta rami yana ɗaukar ɗanɗanon hayaƙi, mun saba da shi har ba ma jin asida ta cika in babu. Sai dai ya mutu, ko ka shuka ba zai fito ba. Kowa a garinmu ya san wannan.

Yaya ya auri Aljiya, 'yar ƙauyen da ke ƙasanmu. Ni da ita kullum cikin tsiya muke. In na leƙa tukunyarta na ce, "Matar Yaya, yau ma gishiri ya yi yaji ne?" sai ta ce, "Ke dai Gamra, da bakinki ne ke noma da tuni kin ciyar da garin nan." Amma a asida kam na sara mata. Takan wanke zugugu, ta soya, ta niƙa har mai ya fito, ta tace, ta tuƙa da gari da sukari sai ya yi baƙi siɗik yana sheƙi, ta malala farar madara a kai, ta yi masa ado da dakakkiyar gyaɗa. Ranar Maulidi da safe kwanuka ke yawo gida-gida, kuma kwano ba ya komawa gidansu wayam. A cikinsu duka na Aljiya ake jira. Abin taƙamarta ke nan a duniya. Ba ta da zinariya, ba ta je Makka ba, 'ya'yan da ta haifa duk sun koma tun suna ƙanana, sai auta Rabha.

Ana nan sai zugugu ya yi kuɗi. 'Yan kasuwa daga Tunis suka fara zuwa da mota har gindin dutse, suna saye tun yana rami. Samarinmu suka ƙera ƙugiya suka ɗaura wa doguwar gora. Ja, toka, har kore, ba sa barin komai. Yaya ya dinga bin su bishiya-bishiya yana faɗa. Wata rana ina wurin ya tarar da Lazhar, ɗan maƙwabcinmu, can ƙololuwa yana kakkaɓo na toka.

"Kai Lazhar, sauko! Ubanka bai gaya maka wannan na wuta ba ne?"

"Baffa, wutar ce ta aiko ka ka karɓar mata? Ka ce ta zo da buhunta."

Sauran suka kwashe da dariya. Daga ranar suka laƙaba masa Wakilin Wuta. In an gan shi a shagon shayi sai a ce, "Wakili, ya uwar ɗakin taka?" Ban ce samarin nan ba su da dalili ba. Ba aiki, ba halin aure, ga dinari na lilo a reshe. Amma har gobe in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake.

Wutar kuwa ta zo, kuma ba ta zo da buhu ba. Iskar kudu mai zafi ce ta kawo ta, ta lashe dutsen daga wannan gefe zuwa wancan. Mutane suka tsaya cirko-cirko suna salati. Yaya, da yake ya gaji Baba, sai ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, a jira ruwa. Ina jin shi kansa ya san abin da zai tarar, bakinsa ne kawai bai yarda ba.

Da aka yi ruwa muka hau, ni da shi, mun tsufa, muna hutawa a hanya. Ya je daidai inda Baba ya durƙusa ya durƙusa. Toka, sai 'yar ciyawa. Ya rarrafa gaba, ya tona da yatsa, ya ƙara rarrafawa.

"Gamra, idonki ya fi nawa. Duba mini."

Na duba. Na so in yi masa ƙarya ban samu ko abin da zan nuna ba. Wuta ta zo karɓar kasonta ta tarar an riga an sayar, an cinye a Tunis.

Mutanen gandun daji sun yi nasu ƙoƙarin. Sun kawo dashe a baƙar leda, muka fita kwanmu da kwarkwatarmu muka dasa. Ruwa ya ɗauke da wuri, kafin rani ya raba duk sun zama tsinke. Shekarar da ta biyo baya, motarsu ta dashe ba ta zo ba. Samarin suka watse, wasu aikin gini a Tunis, wasu suka hau teku. Lazhar na cikin waɗanda har yau ba a ji labarinsu ba, uwarsa tana nan tana zaman jira.

Bishiya ɗaya ce ta tsira. Tsohuwa ce tun ta zamanin kakanni, ta fito a tsagin dutse saman maɓuɓɓugar garin, ta karkata kan rami mai zurfi, shi ya sa masu ƙugiya ba su kai gare ta ba. Wuta ta lashe mata gefe ɗaya, ɗayan gefen yana ɗauke da kwanso. Yaya, da furfurarsa da komai, ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau. Na ce masa, "Yaya, kai fa ba yaro ba ne." Ya ce, "Ita ma ba yarinya ba ce, ba za ta jira ni ba." Ya cika buhu ya zuro. Wajen saukowa ya taka reshen da ya ƙone ta ciki. A kan ƙyauren ƙofa aka sauko da shi, ƙugu a karye, yana ta tambayar ina buhun. Da rani ya zagayo bishiyar ta bushe.

Wannan kwanson bai ga rami ba. Rana ce za ta buɗe shi a hankali, don irin ya zauna da ransa. Yaya na kwance ba ya ko juyi, saboda haka Aljiya ce ta yi aikin. Ita ta hau soro ta shanya, ita ke juyawa, ita ke korar tsuntsaye, shi kuma yana daga ɗaki yana ba da umarni kamar wani hakimi. In rana ta take sai ka ji ƙas, ƙas, kwanso na buɗewa, sai ya ce, "Tsohuwa, kin ji?" ta ce, "Na ji, ba kurma ba ce ni." Ta sheƙe, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da yumɓu. Bai cika tulun ba, ya dai wuce rabi. Duk abin da ya rage na dutsenmu ke nan, aka ajiye shi a lungun ɗakinsu.

Da ya fara takawa da sanda sai ya koma dutse. Ba ya iya hawa bishiya kuma, to babu ma bishiyar. Ramuka yake haƙawa, yana jan ƙafa, kowane rami ya kewaye shi da duwatsu ta gefen gangare don ya tare ruwa ya kuma yi wa tsiro inuwa. Ya ce ba zai fasa bakin tulun ba sai ƙasa ta jiƙe har gwiwar hannu, don irin nan ba shi da na biyu. Shekarar farko yayyafi kawai aka yi, bai buɗe ba. Maulidin shekarar nan Aljiya farar asida ta yi, ta gari da man shanu, irin wadda kowa ke yi in ba hali. Ta aika da kwanuka, ita kuwa ba ta leƙo ko ƙofar gida ba.

A shekara ta biyu aka kai Rabha gidan miji a Siliyana. Maulidi ya faɗo a ƙarshen zafi. Kullum da la'asar hadari ya haɗu, Yaya ya fito ya ɗaga kai, iska ta zo ta watsa shi. Ana saura kwana kaɗan Aljiya ta shigo gidana ta zauna, ba tsiya ba komai. Nan na san da magana.

"Gamra, ko cikin tafi ba ki da shi?"

"Zugugu? Ni in na samu yanzu ai a wuya zan rataya."

"Na je Maktar na taya. Da mai shagon ya faɗi kuɗin, sakin buhun na yi kamar na taɓa garwashi." Ta gyara zama. "Uwar mijin Rabha ta aiko. Wai ta gaya wa duk unguwarsu ta auro 'yar gidan masu zugugu, suna nan suna jiran kwano."

"Ki kai musu fara mana. Wa ya ce ba a Maulidi da fara?"

"Ke ba 'yarki ce a hannunsu ba. Yarinyar nan in ta kira ni muryarta a shaƙe take. 'Yar dutse suke ce mata. Sun ce ta zo musu da akwati ɗaya kamar mai zuwa asibiti. Abu ɗaya aka san mu da shi, Gamra. In shi ma babu, da wane ido za ta dube su?"

Na ba ta haƙuri irin wanda ake ba mutum in ba a da abin ba shi. Ta tashi ta tafi.

Jajiberin Maulidi Yaya ya wuni a dutse yana kwashe ƙasar da ta zubo cikin ramukansa. Washegari da hantsi na ɗauki kwanona na farar asida na nufi gidansu. Na same shi a tsakar gida kan tabarma, ya miƙe ƙafar nan, rediyo na ta yabon Annabi. Muna gaisawa Aljiya ta fito ta dire kwano a gabansa. Ta yi masa adon madara da gyaɗa kamar na da. Ya sa cokali ya keta farin, sai ga baƙi siɗik a ƙasa. Fuskarsa ta washe.

"A'a, tsohuwa! Wane ɗan albarka ne ya tuna da mu?"

"Ci dai," in ji ta.

Ya yi bisimilla ya kai baki. Bai haɗiye ba. Ya riƙe ta a baki yana kallon bango. Ya ajiye cokalin a hankali.

"Aljiya, babu hayaƙi."

Ta tsaya tana goge hannu da zanenta.

"Wannan bai shiga rami ba. Rana ce ta buɗe shi."

"Na sani," ta ce. "Ni na shanya shi, ni na kore masa tsuntsu."

"Duka?"

"Na so in rage. Da na tace na ga ba zai cika babban kwano ba. Motar safe ta tafi da shi Siliyana. Wannan kankarar tukunya ce na tara maka."

Ya juya ya dubi ƙofar ɗakin. Daga inda nake ina hango tulun a lungu, yumɓun bakinsa a farfashe a ƙasa. Aljiya ta dafa bango, ba ta sunkuyar da kai ba.

"Tuhami, bishiyar nan ko ta fito, sai muna ƙasa za ta yi kwanson kirki. Wa zai cira? Lazhar? Rabha kuwa yau take raye. Ita kaɗai Allah ya bar mini."

Na so in shaƙe ta, wallahi na so. Amma na duba maganarta sama da ƙasa ban ga ƙarya a ciki ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Yaya bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Ya ɗauki cokalin ya ci gaba da ci, a hankali, loma bayan loma, mu biyu muna tsaye a kansa. Ya cinye, ya sa yatsa ya suɗe kwanon tas, bai bar ko ɗigo ba. Sannan ya miƙa mata.

"Ta yi daɗi. Ba ki taɓa yin kamarta ba."

Nan ne ta fashe da kuka. Na ajiye kwanona na fito, ban jira a zuba mini komai a ciki ba.

Ba a yi mako ba ruwa ya kece. Ba yayyafi ba, ruwa na gaske, irin wanda muka manta da shi, ya wuni ya kwana ya sake wuni. Ƙasa ta jiƙe har ta wuce gwiwar hannu. Da rana ta fito, daga ƙofar gidana ina hango ramukan Yaya a jikin baƙin dutse, kowanne cike da ruwa yana ƙyalli, duwatsun da ya jera sun tare shi yadda ya so. Aikin ya yi kyau. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada in ci gaba da gani.

Bai ƙara hawa dutsen ba. Ruwan da ya biyo baya ya kwaso ƙasar gangaren ya zubo mana, maɓuɓɓugar ta koma jan taɓo, sai mun tace muke sha. Yana nan da ransa, yana cin abin da aka ba shi, yana zuwa masallaci da sandarsa. Shi da Aljiya ba su rabu ba, ba su kuma yi faɗa ba, sannu da sannu ce kawai tsakaninsu kamar baƙi a mota. Ta wanke tulun ta kife a bayan ɗaki. Kujerarsa ta ƙofar gida, wadda tun ina yarinya dutse take kallo, ya juya ta tana kallon hanya.

A kan kujerar nan direban motar Siliyana ya same shi ranar da ya dawo da babban kwanon. Ina wurin. Ba su dawo da shi wayam ba, sun cika shi da alewar kanti, sun ɗaure da sabon ƙyalle.

"Baffa, surukanku na gaisuwa," in ji direban. "Hajiya ta ce a gaya muku duk unguwa an ɗanɗana, ba a taɓa cin irinta ba. Amarya kam ta fita kunya. Ta ce baɗi ma suna jira, in da hali a ƙara yawa."

Yaya ya karɓi kwanon da hannu biyu ya ɗora a cinya.

"To," ya ce. "Allah ya kai mu."